Magazar da Ke Ƙarƙashin 'Yan Kallo

Dukanku kun tashi da labari guda a bakinku: wai mahaifinku ya zubar da magazarsa ta Lyon, wato ɗakin ajiyar hajarsa, saboda wasan ƙwallo, Turawa suka cuce shi, shi ya sa muka kwashe ku muka koma Paris muka takure a ɗaki biyu. Na ji Hadiza tana faɗa wa mijinta haka. Na ji Sani yana ba 'ya'yansa labarin yana dariya. Kai kuma babbansu, da ba na kiran sunanka, ba ka taɓa cewa uffan ba, amma na san kai ka fi kowa riƙe abin a zuciya. Daga bakin baffanku Alhaji Mamman kuka ɗauko wannan labari, Allah ya jiƙansa, shi kuwa daga nesa ya hangi abin. Ni ina wurin tun farko har ƙarshe, kuma tunda har yanzu idona na ganin layin takarda, gara in rubuta muku yadda aka yi.

A tsakiyar shekarun tamanin muna zaune a gabashin Lyon, cikin wani ƙaramin gari da ke manne da Vaulx-en-Velin, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan masu kama da juna, waɗanda na yi wata da watanni ina ɓata a tsakaninsu. Sana'ar mahaifinku ita ce sayen kayan gwanjo da tsofaffin kekunan ɗinki da kayan gyaran mota. Ya ɗaure su, ya tura wa yayansa Alhaji Mamman a Paris, shi kuma ya sa su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can kamiyo, babbar motar kaya, ya kai su Maraɗi da Damagaram. Abokan ciniki ne su biyun, kowa da ɓangarensa, kowa da mabuɗinsa. Magazar mahaifinku tana ƙarƙashin benen da 'yan kallo ke zama a filin ƙwallon garin. Daga bakin ƙofa rufinta dogo ne, amma in ka yi ciki sai ka sunkuya, don matakalar da mutane ke zama a kai ita ce rufin. Ran Lahadi in suka fara buga ƙafa, garin siminti ne ke zubowa kan ƙullin kaya, shi ya sa kullum yake lulluɓe su da tampol. Yana da maƙwabta biyu a ƙarƙashin benen, wani kafinta ɗan Fotugal da wani Balarabe ɗan Aljeriya mai sayar da tayoyi.

Ni kuwa daga tagar kicin ɗinmu ina hango filin, amma rabi kawai, don wani bene ya tare sauran. Raga ɗaya nake gani. Tun ina yarinya a Damagaram kakata ke ce mini uwar tambaya, kuma zaman Faransa bai raba ni da halin ba. Nakan tsaya da ludayi a hannu ina kallon mutane suna gudu su shige bayan bene, can in ji ihu, ban san wa ya yi me ba. Na daɗe ina mamakin dalilin da mai tsaron raga ke sake riga a tsakiyar wasa, har da sake tsawo, kafin in gane cewa gefe suke musanyawa. Na tambayi mahaifinku, ya ce shi haya yake biya, bai sayi tikiti ba. Shekarunsa nawa a ƙarƙashin benen nan, bai taɓa hawa samansa ba.

Wanda ya warware mini duhun shi ne Hamidu, mai tsaron ragar kulob ɗin, ɗan Garwa ta Kamaru. Wata rana yana wucewa ya ji Alhaji, mahaifinku, yana faɗa da wani ƙulli da ya ƙi ɗauruwa, da Hausa, sai ya tsaya ya yi sallama. Alhaji ya ce saura kaɗan igiya ta faɗi daga hannunsa. Daga ranar duk Juma'a Hamidu na gidanmu cin tuwo. Dogo ne, ga manyan hannuwa, ga kunya kamar budurwa. Da takardar karatu ya shigo ƙasar, ta kusa ƙarewa, da safe yana sauke kaya a kasuwar ganye, da yamma ya je motsa jiki da ƙungiya. In an gama ci, sai in kwaso cokula da kofuna in zube a tebur in ce ya jera mini 'yan wasa. Haka na koyi ƙwallo, da cokali da murfin kwalba, mahaifinku na gefe yana jan carbi yana girgiza kai.

A shekarar da nake ba ku labari sai ƙungiyar ta kama ci ba ji ba gani. Gari ya ɗauki zafi. Mai burodi ya rataya rigarsu a shago, direban bas yana busa oda in sun ci. Can na fara jin kalma ɗaya a bakin kowa: baraji, baraji. Ni abin da na sani da baraji shi ne inda ake tare ruwa a gida. Na ce wa Hamidu, me ya haɗa ƙwallo da madatsar ruwa? Ya yi dariya har ya ƙware.

"Inna, wannan ba ta ruwa ba ce. In shekara ta ƙare, waɗanda suka kusa kaiwa sama amma ba su kai ba, sai a haɗa su su kara, sau ɗaya a gidan wannan, sau ɗaya a gidan wancan. Wanda ya tsallake ya hau matakin da ƙwallo ke zama aiki, da albashi da kwantara."

"Kai ma za a ba ka?"

"In mun hau. In an ba ni kwantara kuwa, takardun zama sun samu."

Na ga yadda ya faɗi maganar yana kallon tafin hannunsa, na gane wannan ba wasa ba ne a wurinsa.

Ana gab da fara azumi sai shugaban kulob ɗin ya zo magaza da kansa. Mushe Rene ake ce masa, tsoho ne mai masana'antar gilashi, gajere, kullum da hula a hannu ba a kai ba. Abin da ya kawo shi ne wannan. Masu kula da ƙwallon ƙasa ba za su bar ƙungiya ta hau ba sai filinta ya cika sharuɗɗa: ɗakunan sake kaya, wurin likita, fitilu. Filin kuwa na ma'aikatar magajin gari ne, kulob haya yake yi, hayar kuma ta zo ƙarshe. Magajin gari ya ce zai sabunta ta dogon lokaci in an samu mai yin gyaran. An samu wani attajiri daga Paris, mai kamfanin gine-gine, ya ce zai karɓi kulob ɗin ya yi aikin, amma sai an ba shi ƙarƙashin benen fayau, kuma sai takardu sun kammala kafin wasan ƙarshe. Kafinta ya sa hannu, mai taya ya sa hannu. Saura Alhaji, wanda takardarsa ke da sauran shekaru, babu mai ikon fitar da shi in bai so ba.

Da mahaifinku ya ba ni labari, abin da ya fara tsaya mini a rai ba magazar ba ne, Allah ya sani. Tambaya ce. A garinmu in an ce abu naka ne, kana iya nuna shi da yatsa. Washegari na ɗauki Faransancin da na koya a ajin matan unguwa, na sa mayafi na tafi filin. Na tarar da Mushe Rene yana tsinke ciyawa a bakin layi kamar ɗan ƙwadago. Na gaishe shi, na ce ni matar mai magaza ce, ina da tambaya.

"Filin nan naka ne?"

Ya ce a'a, na gari ne.

"'Yan wasan fa?"

Ya ce duk wanda ya ga dama gobe ya tafi.

"Rigunan?"

Ya ce wani mai sayar da motoci ne ya saya, shi ya sa sunansa ke ƙirjinsu.

"To kai me ka mallaka, da har wani zai taso daga Paris ya karɓa?"

Ya juya hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Madam, ina da mabuɗin ƙofa. Kuma in aka ci mu, ni ake zagi." Ya ce ubansa ne ya kafa ƙungiyar da ma'aikatan masana'anta, shi kuma ya tsufa, aljihunsa ba zai ɗauki matakin sama ba. Zai miƙa ta ga baƙo don ta hau, ko ya riƙe ta ta tsaya inda take. Na dawo gida ina ta juya maganar. Ashe tsohon nan ma sakin nasa zai yi.

Daren farko na azumi Alhaji Mamman ya bugo tarho daga Paris. Bayan doguwar gaisuwa sai muryarsa ta tashi, har ina jiyo ta daga kicin.

"Kada ka kuskura ka sa hannu! Allah ne ya kawo maka su. Yanzu su ke buƙatarka. Ka zauna daram sai sun ba ka wata magaza da mabuɗinta a tafin hannunka."

"Yaya, sun ce in an hau za su nema mini wuri."

"In an hau! Da baki? Kai yaro ne? Mu kaya muka zo ɗaurewa ƙasar nan, ba tsalle-tsallen 'yan ƙwallo ba."

Kada ku ce baffanku mugu ne. Gaskiya ya faɗa, irin ta ɗan kasuwa. Neman wata magaza da mabuɗinta ba zai yiwu ba a ɗan lokacin da ya rage, attajirin kuma ya ƙi ɗaure kansa da komai sai ya ga an hau. Gidanmu ya rabu. Kai babba kana cikin ƙungiyar yara ta kulob ɗin, ka daina yi wa mahaifinka magana sai gaisuwa. Hadiza ta dawo daga lakwal, makarantarsu, tana kuka, wai 'yan ajinsu sun ce babanta ne zai hana gari hawa. Sani bai san komai ba, waƙar filin kawai yake rerawa a banɗaki.

Aka yi wasan farko a filinmu. Na tsaya a taga, bakina bushe da azumi. Hamidu na gefen da nake gani a rabin farko, ya tare wata ƙwallo da ƙafa har na saki ludayi. Ƙwallo ɗaya tak aka ci a ranar, tamu ce, kuma sai da aka juya gefe, aka ci ta a gabana. Na yi guɗa ni kaɗai a kicin, maƙwabciyata ta bugo bango. Alhaji yana cikin magaza a lokacin. Ya dawo da farin gari a hula da kafaɗa, ya ce ya zaci benen zai rufto masa.

Juma'ar da ta biyo Hamidu bai zo buɗa-baki ba. Na ajiye masa kunu har ya huce. Washegari ma bai zo ba. Na ga mahaifinku yana kallon wurin da yaron ke zama. Rana ta uku bayan la'asar ya sa babbar riga ya fita. Shi ya faɗa mini daga baya cewa ya samu Hamidu a ɗakinsa, yana shirin buɗa-baki da burodi da ruwan famfo. Da ya ga Alhaji sai ya durƙusa.

"Baba, na kasa zuwa ne. In na zauna a gabanka kamar roƙo nake yi. Don Allah kada ka saki magazarka saboda ni."

"Tashi ka ɗauko takalminka. Innarka ta dama kunu."

Suka shigo tare. Aka sha ruwa, aka yi sallah, ba wanda ya ta da maganar. Bayan Hamidu ya tafi sai mahaifinku ya kira ni, ya ce gobe zai sa hannu. Na zauna. Na ce, Alhaji, ka yi tunani?

"Na yi. Shekara da shekaru ina zaune ƙarƙashin ƙafafun mutanen nan, Mariama, ba wanda ya taɓa fasa mini ƙofa ko ya ɗauki tsinke. Yau suna son abu ɗaya, ni kaɗai na tsaya a ƙofar. In na ƙi, magaza tana nan, amma da wane ido zan riƙa buɗe ta? Da wane ido 'ya'yana za su je lakwal? Ga yaron nan ya koma cin burodi don kunyata."

"In aka ci su fa a Paris?"

"To an ci su."

Wannan shi ne abin da nake so ku sani. Ba a rufe masa ido ba. Ya san alkawarin baki ne, ya san wasa bai ƙare ba, ya karanta takardar, ya sa aka sake karanta masa. Ya sa hannu a ofishin Mushe Rene, tsohon yana ta share hanci.

Wasan ƙarshe a wani gari ne a gefen Paris. Na ce sai na je. Mahaifinku ya ce mace da azumi me za ta yi cikin mashaya giya, na ce na gaji da rabin fili. Muka bar ku wurin maƙwabta muka hau jirgin ƙasa mai gudun nan. Muka fara biyawa Porte de la Chapelle wurin baffanku, inda motoci ke wucewa ta saman kai kamar ana ruwan ƙarfe, 'yan kasuwa sun baje kaya a gefen titi. Ya karɓe mu a ƙofar magazarsa. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya ga ƙanensa.

"Ka sa?"

"Na sa, Yaya."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya koma ciki. Mahaifinku ya ce masa ga tikiti ya saya har da nasa, ya ce shi yana da aiki.

Ban san fili na da girma haka ba. Daga taga mutanen kamar tururuwa suke, a nan kuwa ina jin numfashinsu, ina jin ƙarar ƙafa in ta haɗu da ƙwallo. Ga warin naman gashi da taba, ga ganguna, ga mutanen garinmu da suka cika bas-bas suka zo, mai burodi har da fenti a fuska. Da suka ga Alhaji da babbar rigarsa sai suka matsa suka ba mu wuri, wani ya kama hannunsa da hannu biyu yana jijjigawa. Labari ya riga ya kai musu. Hamidu ya fito da koriyar riga, ya ɗaga hannu gefenmu. Wani malami ya ce masa matafiyi ne, ya sha ruwa ya rama daga baya, amma ban taɓa tambayarsa ko ya sha ba.

Masu gida suka ci mu ɗaya kafin hutu, aka koma kunnen doki in an haɗa da wasan farko. Bayan hutu Hamidu ya tare abin da ban san yadda mutum ke tarewa ba, har 'yan can suna kama kai. Ana cikin haka ɗan gabanmu ya kuɓuce ya zura ƙwallo a raga. Wallahi na ga mahaifinku tsaye, hularsa ta faɗi, yana ihu da Hausa a tsakiyar Faransawa, mai burodi ya rungume shi. Sai na hango mutumin gefen layi ya ɗaga tuta. Alƙalin wasa ya soke ta. Kafin mutanenmu su gama zagi, masu gida suka kwaso ƙwallo suka ci ta biyu. Ba a ƙara cin wata ba. Da aka busa tashi Hamidu ya kwanta rub da ciki a bakin ragarsa, sai da aka zo aka ɗaga shi.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don a jikinku ya faɗa. Attajirin Paris ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mushe Rene ya ci gaba da riƙe kulob ɗinsa a inda yake. Ya yi ta zirga-zirga don a mai da wa Alhaji wurinsa, amma a sabuwar takardar hayar ƙarƙashin benen ya koma hannun gari, suka mai da shi ma'ajiyar kujeru da gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi. Ba mugunta ba ce, takarda ce ta riga ta tafi. Mahaifinku ya nemi wani wuri a Lyon, har Rillieux-la-Pape ya je, bai samu wanda ƙarfinsa zai ɗauka ba. Baffanku ya ce ya taho Paris. Ya taho, amma ba a matsayin abokin ciniki ba. Mutumin da a da yake da mabuɗinsa ya koma ɗaurin kaya a magazar yayansa, yana neman izini in zai fita sallar Juma'a da wuri. Haka ya zauna har ƙarfinsa ya ƙare. Kai babba ka rabu da ƙungiyarka da abokanka, ba ka sake taɓa ƙwallo ba, na sani. Hamidu ya samu wata ƙaramar ƙungiya a Beljiyam, gwiwa ta hana shi nisa, ya koma tuƙin bas. Shi ne dogon mutumin da ya shiga kabari ya karɓi mahaifinku, in kun tuna.

Na sha tambayar kaina ko da zai sake sa hannun in an mai da shi ranar. Ban taɓa tambayarsa ba, ni da ba na barin tambaya ta kwana. Abin da nake da shi kawai shi ne abin da ya faru a jirgin da ya mai da mu Lyon ran wasan. Rana a ƙasar nan lokacin bazara ba ta faɗuwa sai mutum ya gaji da jira. Muna zaune muna fuskantar juna, gonaki na wucewa, dabino na cikin jakata. Tun daga filin bai ce komai ba. Ni kuwa tsoro nake ji, ban san wane irin shiru ne wannan ba. Can ya gyara zama.

"Mariama, ke da kika yi karatun cokula. Mutumin nan mai tuta, me ya ce yaronmu ya yi?"

"Satar gida."

"Sata? Me ya sata? Ni a gabana ya buga."

Na fito da dabino na jera a kan ɗan teburin jirgin. Na ce wannan mai tsaron raga ne, waɗannan masu tsaron baya ne, wannan namu ne. Doka ta ce kada ya wuce su kafin a bugo masa. Shi kuwa ya ƙagu, ya riga ƙwallon isa wurin.

Ya kalli dabinon. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, marar sauti, har ƙwalla ta fito masa.

"Ashe ni ma satar gida na yi."

Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Ya leƙa taga, ya duba agogo, ya ga rana ta faɗi. Ya miƙa hannu ya ɗauki dabinon da na ce shi ne ɗan gabanmu, ya yi bisimilla ya kai baki. Ya tauna a hankali, ya ajiye ƙwallon dabinon a tafin hannunsa.

"Amma fa ta shiga raga, Mariama," ya ce. "Na gani da idona."